Sensar iska ta tsaya a 3.28V, mota na shan mai: a canza ta ko a bar ta?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Daura: "Assalamu alaikum Oga. Ina da Camry 2008 mai injin 2.4, ina zirga-zirga da ita tsakanin Daura da Katsina. Kwanan nan tana shan mai fiye da yadda na saba, wutar cek kuma ta ƙi mutuwa. Na sayi 'yar sikana wadda ake haɗawa da waya, ta ba ni P0171 da P0420. Idan mota na silo, B1S1 tana nuna 3.28V, kusan ba ta motsi, B1S2 kuma sai tsalle take daga 0.1 zuwa 0.8. LTFT +25, STFT +9. Bakanikena ya ce ta farkon ta mutu tunda ba ta motsi, ta biyun kuma ta haukace, a canza duka biyun. Wanda ya sayar min da motar ya ce an taɓa cire indomi. Don Allah yaya ake karanta waɗannan lambobin kafin in kashe kuɗi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka tsaya ka tambaya. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko sensocin nan biyu, B1S1 ta gaban indomi (wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa) da B1S2 ta bayanta, lafiyarsu ƙalau, da kuma ko injinka na samun mai da iska daidai gwargwado. Bari in fara da abin da zai tsare maka aljihu. Kada ka sayi sensa ko ɗaya tukuna. Lambobin da ka turo sun fi nuna cewa duka biyun suna raye suna aiki, kuma matsalar da suke faɗi tana wani wuri dabam. Amma kada ka ɗauki wannan don na faɗa. Ga yadda ake karanta su, domin ka iya dubawa da idonka, kuma ka zauna da bakanikenka ku yi maganar cikin fahimta.

Abin da sensar take gani

Injin fetur yana son kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai. Da nauyi ake wannan lissafi, ba da lita ba. Idan aka mayar da shi lita, kowace litar fetur tana buƙatar iska wajen lita 9,000 zuwa 10,000 kafin ta ƙone tas. A wannan ma'auni, man ya ƙare iskar oksijin ma ta ƙare, babu wanda ya yi saura sosai. Injiniyoyi suna kiran wannan matsayi lamda 1. Idan sikana ta nuna lamda ƙasa da 1, kamar 0.90, mai ya yi yawa. Idan ta nuna sama da 1, kamar 1.10, iska ta yi yawa. Indomi ba ta iya tace hayaƙi da kyau sai a dab da lamda 1, kuma saboda ita aka ƙirƙiro sensar tun asali: kamfanin Bosch ya ƙera ta, Volvo ya fara sa ta a mota a 1976.

Kan sensar wani farin tangaran ne da ake kira zakoniya, an shafe shi da filatinam ciki da waje. Gefe ɗaya yana cikin hayaƙin salansa, ɗaya gefen yana shaƙar iskar waje. Idan ya yi zafi, bambancin oksijin da ke tsakanin gefen biyu shi ke haifar da ɗan ƙarfin lantarki. Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne, sensar ba ta san fetur ba. Ba ta auna shi, ba ta jin ƙamshinsa. Oksijin da ya saura a hayaƙi kawai take gani. Ka ɗauke ta kamar shaida a gaban alƙali, wanda abu ɗaya tak ya gani kuma a kansa zai yi rantsuwa. Idan ya ce "na ga iska da yawa", gaskiyarsa ce, amma bai ce ga ta inda iskar ta shigo ba. Gano wannan aikin alƙali ne, wato kai da bakanikenka. Mafi yawan sensocin da nake gani an cire an yar a garejojin garin nan, laifinsu kawai sun faɗi abin da suka gani.

Iri biyu ne, kuma karatunsu ya saɓa

A nan ne bakanikenka ya ɗan zame, kuma ba abin zargi ba ne, don abin da ya faɗa daidai ne a kan tsofaffin motoci. Tsohuwar sensa, irin ta Golf 3 da Fijo 406 da Vectra, tana ba da wuta tsakanin 0.1V da 0.9V. Ƙasa da 0.45V iska ta yi yawa, sama da haka mai ya yi yawa. Ba ta iya faɗin yawan da ya yi. Ko mai ya wuce da kaɗan ko ya wuce da yawa, kusan 0.8 ko 0.9 za ta nuna. Don haka kwamfutar mota, wadda muke ce wa birenbos, sai ta riƙa wasa da man: ta ƙara kaɗan har sensar ta haura, ta rage kaɗan har ta sauko, haka dai ba tsayawa. Shi ya sa lafiyayyar tsohuwar sensa a gaban indomi take hawa da sauka. Idan ka riƙe totur a 2,500, ya kamata ta ƙetare 0.45V aƙalla sau ɗaya a kowane sakan. Idan ta tsaya cik, ko tana jan ƙafa tana yawo tsakanin 0.4 da 0.6 kawai, to akwai magana. Wannan ilimin ne bakanikenka ya ɗauko.

Amma Camry ɗinka ba irin wannan ce a gabanta ba. Toyota ta sa mata sabuwar sensa wadda ke auna ainihin gwargwadon iska da mai, wadda sukan rubuta A/F a kanta. Ita tana aiki ne da ɗan ƙaramin kwararar lantarki da ke canza alkibla, birenbos kuma ta mayar da shi lambar da kake gani a wayarka. A Toyota, 3.3V shi ne lamda 1. Kuma karatun a juye yake: idan lamba ta haura 3.3, iska ta yi yawa. Idan ta sauko ƙasa, mai ya yi yawa. Tunda wannan sensar tana faɗin yawan kuskuren kai tsaye, birenbos ba ta buƙatar wancan hawa da sauka. Tana riƙe ta kusa da 3.3 ne da gangan. Saboda haka 3.28V da ba ta motsi sosai a silo shi ne abin da ake so a gani. Wasu sikanonin sukan raba lambar gida biyar su nuna 0.66V, wasu kuma su nuna ta da mA, inda sifili yake nufin daidai. Duk magana ɗaya ce.

To ta yaya za a bambance wadda ta tsaya don komai daidai ne da wadda ta tsaya don ta mutu? Sai a tsokane ta. Ka bar injin ya yi zafi sosai, ka zaɓi B1S1 ita kaɗai a wayarka, in da hali ka sa ta a zane maimakon lamba. Ka taka totur da ƙarfi sau ɗaya ka saki. Lokacin takawa lamba za ta faɗi ƙasa da 3.0, don birenbos ta watsa mai. Gwaji mafi kyau kuma a kan hanya ne: wani ya tuƙa, kai ka riƙe wayar, ku kai kamar kilomita 70 ko 80 a awa, sannan ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya daga totur mota na cikin giya. A wannan lokacin birenbos tana yanke mai ɗungurungum, iska zalla ke bi ta salansa, lamba kuma dole ta haura 3.8V. Hanyar Daura zuwa Mashi tana da miƙaƙƙun wurare da suka isa a yi wannan cikin natsuwa. Idan ta faɗi lokacin takawa, ta haura lokacin sakewa, kuma ta yi hakan da hanzari, sensarka tana raye. Idan ta manne a 3.3 duk abin da aka yi, to sai a duba hitarta da fiyus da wayoyinta, don birenbos takan nuna 3.3 ɗin ko da sensar ba ta fara aiki ba.

Na ce ka zaɓi layi ɗaya ne saboda 'yar sikanar waya tana da jinkiri. Duk layin da ka ƙara, sai ta raba lokacinta a kansu, har lafiyayyar sensa ta zama kamar mai kasala a idonka.

Ta bayan indomi

B1S2 tsohuwar iri ce, mai 0.1 zuwa 0.9, kuma babban aikinta sa ido a kan indomi. Lafiyayyar indomi tana ajiye oksijin ta saki a hankali, sai ta shanye duk 'yan canje-canjen da ke zuwa daga injin. Don haka ta baya takan zauna a natse, galibi tsakanin 0.6 da 0.8 idan mota na tafiya daidai, tana motsi a hankali. Idan indomi ta ƙone ko an fasa an zazzage ta, babu mai shanye komai, sai sensar ta riƙa tsalle. Wannan shi ne abin da kake gani, kuma shi ne ma'anar P0420. Sensarka ta biyu ba ta haukace ba. Ta ce babu indomi, wanda ya sayar maka da motar ma ya ce babu. Ko sabuwa fil ka ɗaura, tsallen nan za ta yi, P0420 kuma za ta dawo.

Akwai wani amfani da tsallen nata ya yi mana. Tsohuwar sensa ba ta tsalle sai hayaƙin yana dab da lamda 1. Da a ce ta gaba tana ƙarya, tana sa birenbos ta zuba man da ba a buƙata, da ta baya ta manne a sama, wajen 0.85 ko 0.9. Tunda tana ƙetare tsakiya, ita ma cewa take hayaƙin da ke wuce ta yana kusa da daidai. Sensa biyu masu ƙira dabam sun faɗi magana ɗaya. Wannan ne ya sa na ce da wuya laifin ya zama nasu.

Lambobin da suka fi muhimmanci

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a saƙonka shi ne LTFT +25 da STFT +9. Mutane da yawa sukan zuba wa lambar sensa ido su manta da waɗannan, alhali su ne ke faɗin halin da injin yake ciki. Ga dalili. Muddin birenbos na iya gyarawa, sensar gaba za ta nuna daidai, ko da akwai matsala babba, domin an riga an rufe giɓin. Girman giɓin da aka rufe, a STFT da LTFT ake ganinsa.

Birenbos tana fara lissafin mai ne daga iskar da iyafulo mita ta auna. Sai ta saurari sensa, ta ƙara ko ta rage. Gyaran nan take shi ne STFT, yana motsi kowane lokaci. Idan ta ga kullum gefe ɗaya take gyarawa, sai ta haddace, ta mayar da shi LTFT. Alamar tarawa tana nufin ana ƙara mai, alamar ɗebewa ana ragewa. Haɗa su biyun ake yi. Jimilla tsakanin -5 da +5 lafiya lau ce, har zuwa 10 ba na tayar da hankali, abin da ya wuce haka akwai dalili. Naka 34 ne. Wato birenbos tana zuba ƙarin kashi ɗaya cikin uku na man da lissafinta na farko ya ba ta, kafin ta samu ta riƙe sensar a 3.28. Toyota takan kunna P0171 ne idan jimillar ta kai wajen 35, ka ga kana bakin layin.

P0171 ba ta ce sensa ta lalace ba. Cewa ta yi iska ta rinjayi mai har gyara ya kusa ƙurewa. Lambobin da ke zargin sensar kanta dabam ne, irin su P0031 na hita, ko P2195 da P2196 idan ta manne gefe guda, ko P0133 a motoci masu tsohuwar iri idan ta yi kasala. Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kafin ka taɓa komai, kada ka goge lambobin, kada kuma a cire kan batir. Yin haka yana share LTFT, yana kuma share hoton da birenbos ta ɗauka a daidai lokacin da cek ta kama, wanda ke nuna gudun injin da zafinsa a wannan sakan. Wannan hoton yakan rage mana rabin aiki. Ina jin takaicin motar da aka kawo min an riga an goge komai don wuta ta mutu, sai mun sake tuƙa ta kafin ta fara magana.

Ina iskar take fitowa?

Abin da ya rage a saƙonka shi ne jimillar a wani gudun injin ban da silo. Ka kashe AC, injin da zafi, ka rubuta jimillar a silo. Ka riƙe totur a 2,500 na kamar rabin minti ka sake rubutawa. Sannan a kan hanya, lokacin da mota ke ja sosai, ka rubuta ta uku. Yadda lambobin uku suka jeru shi ke nuna inda za a dosa.

Idan ta yi yawa a silo amma ta sauko kusa da daidai a 2,500, iska ce ke satar hanya bayan iyafulo mita. A silo injin na shaƙar iska kaɗan ƙwarai, wajen giram 2 zuwa 3 da ɗan abu a sakan a injin 2.4, don haka ƙaramar huda ma babban kaso ce. Da an buɗe totur sai ta ɓace a cikin yawa. Wurin da nake fara dubawa shi ne babban tiyon roba da ke tsakanin akwatin iyakilina da totur. Zafin Katsina na watan Afrilu da Mayu yana busar da shi, ya tsage a cikin lanƙwasarsa ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, sai ka cire shi ka lanƙwasa a hannu kafin ka gani. Bayan shi sai ƙananan tiyoyi: na PCV mai kwashe tururi daga cikin injin, na bustar birki, da na tururin tanki. Sai gasket ɗin manifol. Hanya mafi tsafta ita ce a hura hayaƙi cikin manifol injin a kashe, a ga inda zai fito. Masu fesa kabkilina a jikin tiyo suna kallon STFT ta faɗo, hanyarsu na aiki, amma abin yana kama wuta, kada a yi shi kusa da kwayil ko salansa mai zafi.

Idan kuma a silo da sauƙi amma tana ƙaruwa yayin da ake ba mota wuta, to ko dai man ba ya isowa, ko iyafulo mita tana rage lissafi. A ƙasarmu na biyun ya yi yawa. A cikin iyafulo akwai 'yar siririyar waya mai zafi, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, daga nan ake sanin yawan iskar. Ƙurar hunturu idan ta lulluɓe wayar, sai ta daina jin iskar da kyau, ta faɗi ƙasa da gaskiya. Ƙurar kuma tana samun hanya ne saboda iyakilina da aka yi ta bugawa da iskar mai faci har ta huje, ko murfin akwatin da maƙallansa suka karye aka ɗaure da waya. Ana wanke iyafulo da maganin fesawa da aka yi dominta, ba a taɓa wayar da komai, a bar ta ta bushe kafin a mayar. Idan ba ita ba ce, a ɗaura geji a auna ƙarfin famfon mai. A wannan injin ana son 44 zuwa 50 a ma'aunin psi. Duba ƙarfin feshin mai da ido ba awo ba ne. Famfon da ya gaji, da matatar da ta toshe da dattin man galan na 'yan bumburutu, da nozul da suka cushe, duk hoto ɗaya suke bayarwa.

Shi kansa man yana iya jawo haka. A watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol da yawa ƙasar nan, matsalar ke nan: methanol na ɗauke da oksijin a jikinsa kuma iskar da yake buƙata ba ta kai rabin ta fetur ba, sai birenbos ta yi ta ƙara mai. Idan matsala ta fara daidai bayan shan mai a wani sabon wuri, a fara zargin tankin.

Amma akwai abin da ya sa hankalina ya fi karkata wani wuri, kuma ƙorafinka na shan mai ne ya kai ni. Idan iska ce ta gaske ke shiga ta tiyo, man da birenbos ta ƙara ya sami iskar da zai ƙone da ita, haɗin ya dawo daidai, shan man ba ya tashi sosai. Shan mai yana tashi ne idan iskar da sensa ke gani ba ta taɓa shiga silinda ba. Wannan kuwa hanya biyu gare shi.

Ta farko huda a salansa kafin sensa ko dab da ita. Mutane suna ɗauka salansa fitar da hayaƙi kawai take, amma hayaƙin bugu-bugu yake fita, kuma tsakanin bugu da bugu akwai ɗan zuƙo da ke jawo iskar waje ta kowace huda. Yanzu ka tuna inda indomin Camry ɗinka take. A injin 2AZ-FE, indomi ta farko a haɗe take da manifol ɗin hayaƙi, a gaban injin, sensar A/F kuma tana zaune a samanta. Wanda ya cire ta, ko dai ya sauke manifol ɗin ya fasa ta ciki, ko ya yanka ƙarfen ya zazzage ya sake walda. Walda mai ƙananan huji, ko tsohon gasket da aka mayar, ko noti ɗaya da ya karye, kowanne ya isa ya shayar da sensar iska. Tunda iskar na wuce sensocin biyu, duka za su yarda da juna, alhali cikin silinda mai ya yi yawa. Ka tayar da motar da sassafe tana sanyi ka saurari gaban injin. Ƙarar "tsit-tsit-tsit" da ke raguwa idan ƙarfe ya yi zafi, da baƙin zane na hayaƙi a bakin walda ko gasket, su ne alamun. Sannan a cire filogi. Kwamfuta na cewa iska ta yi yawa amma filogi baƙi ƙirin da toka, to ka kama ɓarawon.

Ta biyu silindar da ba ta kamawa. Idan filogi ko kwayil ya yi rauni, man da iskar duka suna fita ba su ƙone ba. Sensa ba ta ganin man, iskar take gani, sai ta ce a ƙara. Ga salansa na warin ɗanyen fetur, ga sikana na cewa mai ya yi kaɗan. Ka duba ko akwai P0300 zuwa P0304, har da waɗanda ke jiran tabbaci ba su kunna wuta ba tukuna.

Maganar tamostat

Ba ka faɗi zafin ruwan injin ba, kuma ina roƙonka ka duba shi, yana cikin sikanarka da sunan ECT. Al'adar nan ta cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi, tana cin man mutane fiye da yadda suke zato. An ƙera injin ya yi aiki ne a wajen digiri 85 zuwa 95. Idan ruwa na yawo ta lagireto tun daga tayarwa, injin yakan daɗe bai kai nan ba, musamman da asubahin Disamba da Janairu a kan buɗaɗɗiyar hanya irin taka, inda iska ke dukan lagireto kai tsaye. Muddin birenbos na ganin injin da sanyi, tana ba shi ƙarin mai, kuma takan jinkirta fara sauraron sensa. Akwai layi a sikana da ke nuna OL ko CL. OL na nufin ba ta sauraron sensa, da lissafin kanta take tafiya. CL na nufin ta fara saurare. Duk karatun da na bayyana a sama, a CL kawai yake da ma'ana. Idan bayan tafiyar minti goma sha biyar zafin bai wuce 70 ba, an cire maka tamostat ko ta manne a buɗe. Wannan ba zai bayyana +34 ɗinka ba, amma zai iya bayyana wani ɓangare na shan man. Motar da ke zafi, a nemi dalilin a lagireto ko famfon ruwa ko fanka, a mayar da tamostat wurinta.

Idan gwaji ya nuna sensar ce

Sensa tana mutuwa, ba na musun haka. Injin 2.4 na waɗannan shekarun an san shi da shan baƙin mai ta zoben fistan, kuma tokar baƙin mai tana toshe kan sensa a hankali. Ruwan lagireto da ke shiga silinda ma haka. Gam ɗin silikon da ake lafta wa gasket, idan ba wanda aka yi don injin mai sensa ba ne, tururinsa yana kashe ta, ya bar farin gari a kanta. Hitar cikinta ma tana yankewa. Ana auna ta da mita injin a sanyi, ta gaba wajen om 2 zuwa 3, ta baya 11 zuwa 16. Hitar ta gaba ta fi muhimmanci, don sensar A/F tana buƙatar zafin da ya haura digiri 600, kusan ninki biyu na abin da tsohuwar iri ke fara aiki da shi.

Jiƙa sensa a fetur ko gasa ta a wuta ba ya dawo da wadda ta sha guba. Yakan cire baƙin waje, ta yi kyau a ido, cikin kuma yana nan yadda yake. Idan za ka saya, ko a nan Katsina ko ka aika Ƙofar Ruwa a Kano, lambar da ke jikin tsohuwar za ka bi. Ta gaba da ta baya duka waya huɗu gare su, zarensu ɗaya, sifana 22 ke kwance su, don haka ana iya ɗaura tsohuwar iri a gurbin A/F ta zauna daram, a yanka wayoyi a haɗa, motar kuma ba za ta taɓa daidaita ba. Na sha karɓar motoci da wannan aikin a jikinsu. Asalin ta Toyota ƙirar Denso ce, jabu kuma sun yi yawa a kwali mai kyau. Ni na fi yarda da 'yar Baljiyam mai lamba daidai, da sharaɗin a ɗaura a yi gwajin taka totur da sakewa a gaban mai kaya, in ba ta amsa ba ya karɓi abarsa.

P0420 kuwa indomi ce kawai maganinta na gaskiya. Ƙarfen da ake ɗaurawa a janye sensar baya daga hayaƙi yana iya kashe wutar, amma hayaƙin da yaran unguwa ke shaƙa bai canza ba, kuma a Toyota birenbos tana ɗan amfani da ta bayan wajen daidaita mai, don haka ruɗe ta ba kyauta ba ne. Idan kuɗin indomi bai samu yanzu ba, motar za ta yi tafiya, sai dai ka riƙa sa sikana lokaci-lokaci, don wutar cek da ke kunne kullum tana ɓoye sabuwar matsala idan ta zo.

Duk wannan daga lambobi huɗu na karanto shi, a silo kawai, ban ji ƙarar motar ba ban ga filoginta ba, kuma matsala biyu suna iya haɗuwa a mota ɗaya su rikita hoton. Amma da motar na gabana, da manifol ɗin hayaƙi zan fara, injin a sanyi, sai babban tiyon iska, sai filogi, sai iyafulo, kafin in nemi geji na famfon mai. Huɗun farko ba su buƙatar ka sayi komai sai gwangwanin maganin fesawa. Bayan kowane gyara, kalli STFT nan take: idan an taɓa wurin da ya dace, za ta faɗa ƙasa da sifili sosai, don LTFT tana nan da tsohuwar haddarta ta +25, sannan a hankali LTFT ta sauko ta same ta. Ka turo min jimillar a silo da a 2,500 da a kan hanya, da zafin ruwa bayan ka iso Katsina daga Daura, da hoton filogin huɗu a jere yadda aka ciro su.